Raba falo gida biyu, hita na kan hanya: rajistar aiki

Asabar, 7 ga Satumba, 2024

Aikin shi ne a raba falo gida biyu a fitar da ɗakin kwana. Gidan yana jihar New York a Amurka, ba bene ba ne amma yana da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ginin 1964. Tsawon falon ƙafa 24, faɗinsa 13, daga daɓe zuwa silin kuma ƙafa 8. Ga wanda ya saba da bulo da siminti, bangon cikin gida a nan katako ne: a shimfiɗa ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama, a jera dirkoki tsakaninsu kowane inci 16, sannan a rufe fuska biyu da allon jifsum. Katakon da ake kira "biyu da huɗu" ainihin awonsa inci 1½ da 3½ ne. Idan aka haɗa da allo mai rabin inci ta kowane gefe, kaurin bangon ya zama inci 4½.

Matsalar ita ce hita. Irin ta gindin bango ce, mai aiki da ruwan zafi, ta bi doguwar bangon waje har tsawon ƙafa 18. Ta fara ƙafa 3 daga kusurwar yamma, ta ƙare a ƙafa 21. Ko ina aka ɗora sabon bangon, sai ya sare ta. A cikin murfin ƙarfen akwai bututun jan ƙarfe na inci ¾, an jera masa siraran fikafikan alminiyum. Iska mai sanyi tana shiga ta ƙasa, ta ratsa fikafikan, ta fito ta sama da ɗumi. Gidan duka zagaye ɗaya ne: ruwa ya fito daga tukunyar dafa ruwan da ke ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ya bi ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, ya dawo. Wanda ya yanke bututun nan ya toshe shi ya kashe wa gidan gaba ɗaya ɗumi.

Kafin kowa ya kwaikwayi abin da zan yi, ya tabbatar irin hitarsa. Akwai mai kama da wannan sak amma ta lantarki ce, galibi mai bolt 240, kusan wat 250 a kowace ƙafa. Ita ba a yanka ta, ba a ratsa bango da ita, ba a kusanto mata da katako. Ciro ta ake yi gaba ɗaya a sa gajeru biyu, kowane ɗaki da tasa. Ta ruwa kuwa zafinta bai cika wuce digiri 180 na Farenhait ba, wato 82 na Salsiyos, wanda ba ya kunna katako. Shi ya sa bututunta zai iya ratsa bango.

Shirina: ba zan yanke bututu ba, ba zan zubar da ruwan tukunya ba. Zan cire fikafikan inda bango zai bi, in yanka murfin, in gina a kewayen bututun.

Talata, 10 ga Satumba

Na kai zane ofishin kula da gine-gine na gari, kuɗin izini dala 75. Tunda ɗakin kwana ne, dole ya kai murabba'in ƙafa 70, kuma kada wani gefensa ya gaza ƙafa 7. Namu zai kai 130. Dole kuma a sami tagar da mutum zai iya fita ta cikinta in gobara ta tashi: buɗinta kada ya gaza inci 20 a faɗi da 24 a tsayi, dokinta kada ya wuce inci 44 daga daɓe. Tagar yamma tana buɗewa inci 30 da 28, wato murabba'in ƙafa 5.8, ta haura 5.7 da ake nema.

Asabar, 14 ga Satumba

Yau na buɗe murfin, shirin makon jiya kuma ya rushe.

Da farko na gwada fentin murfin, don gidan da aka gina kafin 1978 ana zaton dalma a fentinsa. Kayan gwaji dala 12, bai nuna komai ba. Duk da haka da zarton ƙarfe da almakashin kwano zan yanka, ba da injin niƙa mai watsa ƙura da tartsatsi ba. Fuskar murfin ba ta da ƙusa, ɗaga ta ake yi daga ƙasa a ja waje ta fita daga maratayanta. Sai ga abin da ba a gani daga waje: ƙafa uku na farko daga yamma bututu ne tsirara, ba fiffike ko ɗaya. Masu ginin sun tsawaita murfin ne kawai don ya yi kyau da ido. Fikafikan sun fara ne daga ƙafa 6. Ke nan sabon ɗakin, da nake lissafa masa ƙafa 7 na hita, ƙafa 3 da inci 9 kacal zai samu bayan na cire na bakin bango.

Na zauna na yi lissafi. Irin wannan hita tana ba da BTU (ma'aunin yawan zafi) 550 zuwa 600 a awa a kowace ƙafa idan ruwa ya kai digiri 180. Na ɗauki 550 don ta tsufa, fikafikan ma wasu sun lanƙwashe. Ƙafa 3¾ sau 550 ya ba da kusan 2,060. To nawa ɗakin yake bukata? Ɗakin kusurwa ne, bangonsa biyu suna kallon waje, tagogi biyu. Na ɗauki cikin ɗaki digiri 70 na Farenhait, waje digiri 5, bambanci 65. Bango zai zubar da kusan 900, tagogi 975, silin 300, daɓe 200, iskar da ke kurɗawa ta ƙananan kafofi kusan 730. Jimla 3,100. Giɓin BTU dubu ne da ɗoriya, kuma a daren da aka fi bukata zai bayyana, ƙofa a rufe, yaro na barci.

Mafita ita ce a yanke tsiraran bututun a sa mai fikafikai. Guntu na ƙafa 3 zai ƙara kusan ƙafa 2½ na fiffike bayan an cire wajen haɗi. Jimla ƙafa 6¼, BTU 3,440. Ya isa. Amma sai an zubar da ruwa, sai an yi liƙin dalma, abin da na so in kauce wa. Gara yanzu a Satumba da ba a kunna tukunya, da a ce a Janairu na gano.

Na share ƙurar shekaru daga fikafikan da burushi da injin zuƙe ƙura. Abin da ya fito ya cika rabin leda: gashi, kwabo biyu, murfin biro.

Lahadi, 15 ga Satumba

Shata layi. Na so bangon ya tsaya a ƙafa 10½, amma a nan ba dirka a cikin bangon waje, allo ne kawai da abin tare sanyi a bayansa. Na sami dirka mai tsakiya a ƙafa 10 da inci 2¼, sai na matsar da bangon ya hau kanta. Ɗakin ya ragu da inci 6, ya zama ƙafa 10 cif. Na fi son haka a kan in fasa bangon waje in yaga takardar da ke tare laima.

Na daidaita kusurwa da awon 6, 8, 10: ƙafa 6 a kan bangon waje, 8 a kan sabon layi, tsakaninsu ya ba da 10 daidai. Na buga igiyar alli a daɓe, na ɗaga layin zuwa silin da zare mai nauyi a wurare uku. Azarorin sama da na ƙasa duka suna tafiya ne gefe da gefe da sabon bangon, kuma layin ya faɗa tsakanin biyu, inci 5 daga ta kusa. Ba abin da zan ɗaure katakon sama a jikinsa sai na sa guntaye a gicciye.

Asabar, 21 ga Satumba

Sayayya: dirkoki 19 a dala 4, dogayen katakai biyu na ƙafa 14 a dala 9, jimla 94. Sukurori da ƙusoshi 38. Guntun hita mai fikafikai 34. Mahaɗai, gwiwa, dalma da man liƙi 41.

Na hau saman silin na sa guntayen katako bakwai tsakanin azarori, kowane inci 24, fuskarsu a kwance kan allon silin. Da sukuru na ɗaure, ba da guduma ba, don bugu yana fasa tsohon allo ya fito da kawunan ƙusa. A ɗakin ƙarƙashin ƙasa ma na sa guntaye biyar tsakanin azarorin daɓe. Ina can na bi bututun dawowa da ido: yana bin azara ta gaba, inci 11 daga layina. Sukurun inci 3 ba zai kai gare shi ba, amma na liƙa jan tef a daɓen sama daidai inda yake.

Asabar, 28 ga Satumba

Ranar bututu. Na kashe wutar tukunya tun daren jiya don ruwa ya huce. Da safe na rufe bawul ɗin da ke ciyar da ita daga famfon gida, na ɗaura tiyo a mazubar ƙasa, na buɗe, sannan na kwance ƙaramin mahuci na hitar ɗakin gabas don iska ta shiga ruwa ya sauko. Ruwan baƙi ne yana warin ƙarfe. Haka ruwan tsohuwar tukunya yake, ba alamar lalacewa ba ce.

Na fara da fikafikan da ke kan hanyar bango: inci 10½, wato kaurin bangon da inci uku ta kowane gefe. Da filaya ake kama kowane fiffike a kusurwa, a murɗa har ya tsage, a zare. A sa safar hannu, kaifinsu kamar reza. A kuma kula, bututun da ke cikin fikafikan ya fi na famfo sirantaka, in aka dogara filaya a jikinsa lotsawa yake yi. Na yanka bayan murfin, wanda ke manne da bango, da almakashi a layukan biyu, na cire guntun.

Sai tsiraran bututun. Na yanke shi inci 2 bayan gwiwar da ke fitowa daga daɓe, na yanke ɗaya ƙarshen kusa da fiffiken farko. Bututun ba ya motsi ko ta wane gefe, saboda haka mahaɗi na yau da kullum mai tudu a tsakiya ba zai shiga ba. Akwai marar tudu, wanda ake zura shi gaba ɗaya a kan bututu ɗaya, a jera biyun, a jawo shi ya hau mahaɗar. Da shi na yi amfani, bayan na sa alama da fensir don in san ya tsaya a tsakiya. Na goge bakunan da sanfefa har suka yi ƙyalli, na shafa man liƙi, na sa kyallen tare wuta tsakanin bututu da bango, jiƙaƙƙen tsumma a kan fikafikan kusa, abin kashe gobara a gefen gwiwata. Inci ɗaya da rabi ne kawai tsakanin harshen wutar da busasshen bango mai shekara sittin.

Haɗin gabas ya sha dalma lafiya, ta zagaye shi kamar zobe. Na yamma, kusa da gwiwa, ya ƙi. Dalmar tana narkewa a sama ta dunƙule a ƙasa, ana jin ƙaramin cuuu a ciki. Na ƙara wuta, na ga kamar ya kama. Da na mayar da ruwa allurar agogon matsin ruwa ta kai psi 12 (psi ma'aunin matsi ne), sai ga ɗigo a ƙarƙashin haɗin, ɗaya kowane daƙiƙa goma. Na sake zubar da ruwa na bar shi ya kwana.

Lahadi, 29 ga Satumba

Dalilin ɗigon ruwa ne da ya kwanta a ciki. Wannan ƙarshen ya fi sauran bututun ƙasa da kusan inci ¼, duk ragowar ruwan ƙafa 18 nan yake gangarowa. Muddin akwai ruwa, jan ƙarfe ba zai wuce zafin tafasa ba a wajen da ruwan yake, dalma kuwa tana bukatar fiye da digiri 400 na Farenhait. Ƙara dalma a kan haɗin da ya ƙi ɓata lokaci ne, don man liƙin ya riga ya ƙone. Na zafafa na zare mahaɗin na yar, na zuƙe ruwan da siririn tiyo, na cusa dunƙulen tsakiyar farin burodi inci huɗu cikin bututun ya tare abin da ke biyowa. Sabon mahaɗi, sabon gogewa, sabon mai. Wannan karon ƙasa da minti ɗaya dalma ta shige da kanta. Burodin narkewa yake yi ya fita da ruwan wanki.

Sai fitar da iska, a nan ma na yi kuskure. Na cika, na buɗe mazubar da ke kan bututun dawowa, ruwa ya fito sumul ba kumfa, na ce an gama. Na kunna tukunya. Falo ya ɗauki zafi, ɗakunan gabas shiru, bututunsu sanyi ƙalau, ana jin ƙulu-ƙulu a ciki. Ashe ban rufe bawul ɗin da ke tsakanin mazubar da tukunya ba. Ruwan ya bi gajeriyar hanya ya fita ta tiyo, bai zagaya gidan ba sam.

Yadda ya kamata: a kashe tukunya ta huce, a rufe wannan bawul, a sa bakin tiyo cikin bokiti mai ruwa don a ga kumfa, a buɗe mazuba, a ɗaga hannun saurin cikawa da ke kan bawul mai ciyar da tukunya. Ido na kan allura, kada ta wuce 25, don a 30 bawul ɗin kariya zai yi amai. Minti shida ana tari da kumfa kafin ruwan ya daidaita. Na rufe mazuba, na sauke hannun, na rage matsi zuwa 12, na buɗe bawul. Cikin minti ashirin duk ɗakuna sun ɗauka. Da zafi allura tana 18. Na shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin haɗin biyu, zan bar ta mako guda.

Asabar, 5 ga Oktoba

Takarda a bushe. An kafa katako.

Ban haɗa bangon a kwance na ɗaga ba, don silin ɗin ba daidai yake ba: inci 96¼ a bakin bangon waje, 95¾ a tsakiya. Kowace dirka da awonta, na yanka ta da ƙarin inci 1/16 don ta shiga da ɗan bugu. Katakon ƙasa na ɗaure shi da sukurun inci 3 ta cikin katakon daɓe, bayan na fara huda, don itacen daɓen yana da tauri yana tsagewa.

Wajen hitar shi ne ainihin aikin. A ƙa'ida dirkar ƙarshe tana manne da bangon waje daga ƙasa har sama, amma nan bututu ke wucewa, tsakiyarsa inci 1½ daga bango, inci 3½ daga daɓe. Wasu suna sassaƙe dirkar su zura ta a kan bututun. Ban so ba, don sassaƙar za ta matse shi. Ga yadda na yi. Katakon ƙasa ya tsaya inci 4 kafin bangon waje. A kan ƙarshensa na tsayar da cikakkiyar dirka. Dirkar da ke manne da bango kuma na yanke ta ta tsaya inci 9 sama da daɓe, na ɗaure ta da sukurun inci 3½ cikin dirkar bangon waje, kowane inci 16. Na haɗa su biyun da guntaye uku, na ƙasan yana daidai inci 9. Sakamakon wata ’yar taga ce a gindin bangon, faɗi inci 4, tsayi inci 9, bututu na ratsa tsakiyarta ba abin da ke taɓa shi. A ƙasan tagar na manna siririn katako a daɓe, wani a jikin bango ƙasa da bututun, don gefen allo ya sami abin kamawa.

Ƙofa tana ɗaya ƙarshen, nesa da hita. Faɗinta inci 30, na bar mata buɗi na 32 da 82½. Bangon ba ya ɗauke da nauyin rufi, saboda haka katako ɗaya a kwance ya isa a samanta.

Laraba, 9 ga Oktoba

Mai lantarki mai lasisi ya zo. Soket biyu ta kowace fuska, don ƙa'ida ita ce kada wani wuri a gindin bango ya yi nisan fiye da ƙafa 6 da soket. Na roƙe shi kada akwatunan fuska biyu su haɗa baya, kowanne ya shiga tsakanin dirkoki daban, saboda sauti. Makunni, fitilar silin, na'urar jin hayaƙi da aka haɗa da sauran na gidan, da birkin wuta mai gane tartsatsi da ake bukata a ɗakin kwana. Dala 620.

Talata, 15 ga Oktoba

Sufeto ya duba katako da wayoyi, ya amince. Gyara ɗaya: wata huda ta matso ƙasa da inci 1¼ daga gefen dirka, sai an buga farantin ƙarfe don kada sukurun allo ya sami waya. Na buga yana tsaye.

Asabar, 19 ga Oktoba

Ulun dutse ɗauri ɗaya dala 68, allon jifsum bakwai dala 112. Na cika tsakanin dirkoki da ulun don rage sauti. A ’yar tagar bututu ma shi na cusa, sako-sako, don ba ya ƙonewa kuma ba ya riƙe bututu. Kumfar feshi ba ta dace a nan ba, tana bushewa ta kama bututun kamar siminti. In kuma aka bar wurin fayau, magana da haske da ƙura duk ta nan za su riƙa wucewa.

Allunan a tsaye na kafa su, na rage tsawonsu don a sami rabin inci tsakaninsu da daɓe. Sukuru na inci 1¼, kowane inci 16, kai ya nutse kaɗan ba tare da ya fasa takarda ba. Wajen bututu na yanka tsaga daga gefen allon na zura, sannan na mayar da guntun da ke bayan bututun.

21 zuwa 25 ga Oktoba

Tef da kwaɓin cike haɗi, shafi uku, kwana guda tsakanin kowanne. Sanfefa ranar Juma'a. Kafin gugar na rufe fikafikan hita da leda. Kwaɓi, tef da fenti dala 96.

Asabar, 26 ga Oktoba

An rataya ƙofa, dala 139, mariƙi 18. Daɓen ya karkace inci ⅛ a faɗin ƙofar, na rage ƙafar firam ɗin ta gefen da ya fi tudu.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Fenti shafi biyu. Katakon ado na gindin bango da kewayen ƙofa dala 71. Na yanka fuskar murfin hita da marufin iskarta (wanda ke rage ɗumin da ke fita ta sama) gida biyu, na goge bakunan da magagari, na sa sababbin marufan ƙarshe a inda kowanne ya tarar da sabon bango, dala 46. Sababbin sun fi tsohon murfin tsayi da inci ⅛, ba a lura sai an durƙusa. Marataya biyu na matsar, don kowane guntu ya sami mai riƙe shi kusa da bango.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Tun makon jiya nake jin wata ƙara jefi-jefi. Daren jiya da sanyi ya sauko sosai ta fito fili: ƙas, ƙas, ƙas, daga gindin sabon bangon, kamar minti uku bayan injin tura ruwa ya tashi, sannan a hankali lokacin da bututu ke hucewa. Bangon ya zame mata ganga, ana ji har ɗakin gabas.

Jan ƙarfe yana miƙewa da zafi. Ƙafa 18 daga digiri 65 zuwa 180 yana ƙara kusan inci ¼, wato milimita 6. Na san da wannan, shi ya sa na yi wa bututun taga. Ke nan wani abu yana taɓa shi da ban gani ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na cire marufan na kwanta a daɓe da tocila. Abu biyu na samu. Ta gefen ɗakin kwana, kwaɓin da na cike tsagar allo da shi ya gangaro ya bushe a saman bututun, ya kama shi kamar ƙwarya da murfinta. Har an ga layin gari fari a daɓe inda yake gogawa. Ta gefen falo kuma, maratayin da na matsar ba shi da ’yar robar da fikafikai ke zamewa a kanta, ta faɗi lokacin aiki ban lura ba. Alminiyum yana gogar ƙarfe kai tsaye, ya maƙale, ya ɓalle, ya maƙale.

Na kankare kwaɓin da wuƙa, na faɗaɗa hudar allo ta fuska biyu har aka sami inci ¼ a kewayen bututun. Bututun da ake kira na inci ¾ kaurinsa ta waje inci ⅞ ne, don haka hudar ta zama inci 1⅜. Na tsaga hannun roba mai jure zafi na zura a kan bututun inda ya ratsa kowane allo. Na sayi fakitin robobin marataya, na sa wa wanda ya rasa, na canza wasu uku da suka bushe suka farfashe. Duka dala 17. Na kunna na zauna kusa har zagaye biyu. Ƙara ɗaya tak a farkon zafi, irin wadda hitar take yi tun kafin aikin.

Da zan sake, zan zura hannun robar tun kafin allo, in naɗe shi da kwali lokacin shafa kwaɓi, in zare kwalin bayan ya bushe.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Mako guda ina auna zafin ɗakunan biyu da asuba, ƙofa a rufe. Na'urar daidaita zafi tana falo, an sa ta a 68. Falo yana tsayawa 68, ɗakin kwana yana kaiwa 73. Dalili biyu ne. Ɗakin shi ne na farko a zagayen, ruwa mafi zafi shi yake fara samu. Falon kuma yanzu ya rasa wani ɓangare na hitarsa, yana daɗewa kafin ya gamsar da na'urar, duk tsawon lokacin kuma ɗakin yana ta sha. Na rufe marufin iskar hitar ɗakin zuwa rabi. Kwana uku ke nan yana tsakanin 69 da 70. Idan sanyin Janairu ya zo zan buɗe shi duka in sake awo, don lissafin 3,100 na wancan lokacin ne. In har ya ci gaba da wuce kima, zan naɗe ƙafa ɗaya ta fikafikan da takardar alminiyum, wadda ake cirewa duk lokacin da aka so.

Allurar tukunya tana 12 da sanyi, ba ta sauka ba tun 29 ga Satumba. Kuɗin da aka kashe zuwa yau dala 1,481, mai lantarki ya ɗauki 620 daga ciki.

Saura: duba na ƙarshe ranar Alhamis, cike ramukan ƙusa a katakon ado, da fentin murfin hita don tsoho da sabo su zama launi ɗaya. Fentin sai bazara, lokacin da za a kashe tukunya a fitar da marufan waje.